RANA IRIN TA YAU: YAƘIN BURMI, 27 GA YULI 1903

 Ga waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba kawo muku. Na yau yana da ɗan tsawo, don haka a nemi wuri a zauna.

Yau 27 ga watan Yuli. Idan ka buɗe Facebook da safen nan, ya riga ya tuna maka wanda aka haifa yau cikin abokanka, har da hoton da ka ɗora shekara biyar da suka wuce. Abin da ba zai tuna maka ba shi ne, a rana irin ta yau, Litinin 27 ga Yuli 1903, wanda ya yi daidai da farkon watan Jimada Ula na 1321 bayan Hijira, sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya a garin Burmi, tare da mutum sama da 600. Yau sama da shekara 120 ke nan.

Duk shekara za ka ga wasu sun tuna da ranar da layi biyu ko uku: jarumi ne, bai miƙa wuya ba, Allah ya jiƙansa. Duk gaskiya ne. Amma idan muka tsaya a nan, mun ɗauki rabin labari mun bar rabi. Domin abin da ya kai Attahiru Burmi wata tambaya ce da ta raba kan manyan Sakkwato a wannan shekarar: idan wanda ya fi ka ƙarfi ya ci ƙasarka, tashi za ka yi ko zama? Sarkin Musulmi ya ba da amsa ɗaya, Wazirinsa Buhari ya ba da wata daban. Su biyun masu ilimi ne, su biyun sun kafa hujja da littafi. Labarinsu za mu bi yau.

To da farko, ina ne ma Burmi? Tana cikin jihar Gombe ta yanzu, a yankin Bajoga, ƙaramar hukumar Funakaye, ba nisa da kogin Gongola. Wasu suna rubuta sunan Bormi ko Mbormi. Yau kufai ne da kaburbura. Daga Sakkwato zuwa can tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kuma a ƙafa da dawakai da jakuna aka yi ta. Me ya fitar da tattaɓa kunnen Shehu daga fadarsa har ya je ya rasu a can? Sai mun ɗan koma baya.

YADDA AKA ZO WURIN

Turawa ba rana ɗaya suka ci daular Usmaniyya ba, gari gari suka bi ta. A 1897 sojojin kamfanin Royal Niger suka buga da Bida da Ilori. Ranar 1 ga Janairu 1900 Frederick Lugard, wanda kakanninmu ke kira Gwamna Lugga, ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya ce daga yau Arewa tana ƙarƙashin kariyarsu, alhali mafi yawan ƙasar ko taka ta ba su yi ba. A 1901 suka ci Kontagora da Bida da Yola. A 1902 suka shiga Bauchi da Zariya. Kowane sarki shi kaɗai ya fuskanci abin da ya same shi, babu wata runduna guda da aka haɗa daga dukkan masarautu.

Kuma gaskiyar magana, gidan ma akwai tsaga a cikinsa. Kano ba ta daɗe da fita daga yaƙin Basasa ba, wanda aka yi tsakanin 1893 da 1895 bayan Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa kuma suka ƙi. Talakawa a wurare da yawa sun gaji da hare-haren kamun bayi, abin da Lugga ya riƙe a matsayin babbar hujjarsa a gaban gwamnatinsa a Landan. Sa'annan ta kowane ɓangare an kewaye daular: Faransawa sun kama Damagaram tun 1899, sun kashe Rabeh a Kusiri a 1900, Jamusawa kuma sun shigo Adamawa ta gabas.

A watan Oktoba 1902 abu biyu suka faru. Na farko, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani jami'in Turawa, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya sami dalilin da yake nema. Na biyu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu. Ka ga mutumin da ya hau gadon mulki wuta tana ci a bakin ƙofa. Ko wata shida bai yi a fadar ba.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano da igwa ya shiga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato yin mubaya'a. A hanyar dawowa labari ya same su. Alu ya rabu da rundunar da dare ya yi nasa wuri, daga baya aka kama shi aka kai shi zaman talala, ya rasu a Lakwaja a 1926. Waziri Ahmadu ya ja sauran ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, a nan ya kwanta dama. Wambai Abbas kuma ya ja wasu suka koma Kano, Turawa suka naɗa shi sarki. Kun lura? A Kano ma hanyoyi uku ne aka rabu a kai: wani ya tafi, wani ya yi yaƙi, wani ya koma ya yi sulhu.

SHAWARAR SAKKWATO

Waɗannan hanyoyin uku su ne aka yi ta muhawara a kansu a Sakkwato. Kuma don Allah kar mu ɗauka maganar hijira tsoro ne. A wajen mutanen Sakkwato hijira ita ce tushen daular kanta. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, daga nan komai ya fara. Ya kuma rubuta littafi sukutum a kan wajabcin hijira, Bayan Wujubil Hijra. Hukuncin da ɗalibansa suka taso da shi shi ne, Musulmi ba ya zama a ƙarƙashin mulkin wanda ba Musulmi ba matuƙar yana da ikon tashi.

Bayan haka akwai wata tsohuwar magana da ta daɗe tana yawo a cikin jama'a, cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za su yi ƙaura gabas, wajen kogin Nilu, su haɗu da Mahadi. Maganar tana da ƙarfi ƙwarai. A shekarun 1880, lokacin da Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan ya ce shi ne Mahadi, mutane sun fara kwashe kaya, har sai da Nana Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin bai yi ba tukuna. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, shi kam ya amsa kiran ya kafa sansani a Balda cikin Adamawa. Saboda haka da Turawa suka iso, da yawa sun ce ai ga alamar nan ta bayyana. Shi kansa Sarkin Kano Alu ya rubuta wa Waziri wasiƙa yana cewa bai ga wata dabara da ta fi a bar ƙasar gaba ɗaya ba. Attahiru ma zuciyarsa ta fi karkata ga tafiya, akwai ma waƙar Hausa da ake danganta masa a kan zuwan Annasara inda wannan niyyar ta fito fili.

Amma wasu manyan suka ce ina! Yaya za a bar Hubbaren Shehu ba a ɗaga ko takobi ba? Ana cikin wannan kai-kawo Turawa suka iso.

Ranar Lahadi 15 ga Maris 1903 aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Sarkin Musulmi yana tsakiya, Marafa Maiturare yana riƙe da ɓangare ɗaya, Sarkin Rabah Ibrahim yana ɗaya ɓangaren. Dubban mahaya da 'yan baka, takubba da masu da 'yan bindigogi kaɗan. A gabansu soja ne da ba su kai 700 ba, amma suna da igwa, suna da bindigar Maxim da mutanenmu suka sa wa suna bindiga mai ruwa, wadda ke zubar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya. Doki komai gudunsa ba ya kai wa gare ta. Kafin rana ta take an gama. Wasu tsirarun mutane suka tsaya a gindin tuta, suka ƙi motsawa, har aka harbe su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani abu mai ɗaci a nan da ba a cika faɗa ba. Turawan da ke cikin rundunar nan 'yan kaɗan ne, su ne hafsoshi. Masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne, kuma kaso mai yawa a cikinsu Hausa suke ji, wasu Yarabawa. Cikinsu akwai waɗanda suka gudo daga bauta, akwai waɗanda albashi ya kawo su. Duk mai son ya fahimci 1903 sai ya haɗiye wannan.

WAZIRI YA JUYO

Bayan an watse daga Giginya, hanya ta rabu biyu. Attahiru ya nufi gabas. Waziri Muhammadu Buhari kuma ya tsaya da ɗimbin jama'a a wajen Marnona, mata da yara da tsofaffi da malamai, babu abinci, babu inda aka nufa. Aka zauna aka yi shawara, aka yanke cewa a koma gari a nemi aminci. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tara manyan Sakkwato aka naɗa sabon Sarkin Musulmi, shi ma sunansa Muhammadu Attahiru, ɗan Aliyu Babba ɗan Bello. Shi ne Attahiru na biyu.

A wajen naɗin Lugga bai ɓoye komai ba. Ya ce musu duk ikon da aka samu da takobi a zamanin Shehu, yau takobi ya mayar da shi hannun Ingila: naɗa sarki da sauke shi, haraji, da ikon ƙasa. Ya hana kamun bayi da cinikinsu. Ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, ba za a hana salla ba.

Wannan alkawarin shi Waziri ya riƙe. Daga baya ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi da tunani, yana bayanin abin da ya sa ya dawo. Hujjarsa ita ce, shari'a ta yarda wanda aka fi ƙarfi ya nuna sulhu da baki alhali zuciyarsa tana kan imaninta, kuma Turawan nan duniya suke nema, ba su hana salla da azumi da zakka da hajji ba. Amma fa kar ku ɗauka hankalinsa kwance yake. A cikin risalar ya nuna irin damuwar da ta hana shi sukuni, yana tsoron kada abin da ya yi ya zama ya saɓa wa Allah. Har sai da ya nemi fatawar malamai, Alƙalin Gwandu Ahmad ɗan Sa'ad ya kwantar masa da hankali da cewa idan kowa ya tashi, ƙasar za ta koma ba ta Musulunci ba, raunanan da ba za su iya tafiya ba kuma a bar su babu mai ja musu salla, babu mai yi musu hukunci.

Ku tsaya ku auna wannan maganar. Tsohuwar da ba ta iya tafiyar yini ɗaya, wa zai zauna da ita? Manomin da damina ta kusa, ga iri a rumbu, ga 'ya'ya ƙanana, shi fa? Tambayar da Waziri ya ɗora a gabansa ke nan, kuma ba tambayar matsoraci ba ce.

HANYAR GABAS

Attahiru ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, ya nufi Misau. Da farko Turawa sun ɗauka gudun wanda aka kora ne kawai. Sai rahotanni suka fara zuwa musu cewa ƙauyuka suna zama kango, mutane suna barin gonaki suna bin Sarkin Musulmi, sarakuna da talakawa, maza da mata. Cikin manyan da suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar da Turawa suka kora daga Bida, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da Madakin Kano Kwairanga, da Alfa Hashim na zuriyar Shehu Umaru Futi, wanda shi da jama'arsa dama gudun Faransawa ne ya kawo su ƙasar Hausa daga yamma.

Nan ne hankalin Lugga ya tashi. Ƙasar da babu manoma, wa zai biya haraji? Kuma muddin Attahiru na ɗaya yana raye jama'a suna bin sa, wanda aka naɗa a Sakkwato sarkin suna ne kawai. Sai aka saki rundunoni daga Kano da Zariya da Bauchi suna bin sawunsa, ana kai wa ayarin hari a hanya. Attahiru ya aika musu cewa shi ba yaƙi ya fito nema ba, hanya yake so a ba shi ya wuce gabas. Amsar da aka ba shi ita ce ya miƙa kansa.

Me ya sa Burmi? Garin yana da ganuwa, kuma mutanensa sun saba da yaƙi. Tun ƙarshen shekarun 1880 ya zama sansanin Malam Jibrilla Gaini, mai bin aƙidar Mahadiyya, wanda ya gagari sarakunan Gombe da maƙwabtansu shekara da shekaru, har sai da Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Mabiyansa suna nan a garin ƙarƙashin Malam Musa Dadare. Ga kuma dutsen Bima a yankin, wanda jama'a suka daɗe suna alaƙanta shi da labaran ƙarshen zamani. Abin lura a nan, mutanen Burmi a da 'yan tawaye ne a idon Sakkwato. Zuwan Turawa ne ya haɗa su a sahu ɗaya.

Ranar 13 ga Mayu 1903 Kyaftin Sword ya kawo wa Burmi hari. Aka yini ana fafatawa, mutanen gari suka yi asarar rayuka masu yawa, amma ba su bari ya shiga ba. Dole ya janye zuwa Bauchi da sojoji da dama masu raunin kibiya. Wannan yana cikin 'yan lokutan da aka tilasta wa rundunar Turawa juyawa a duk yaƙe-yaƙen cin Arewa.

Sai Turawa suka ɗauki wata biyu suna shiri, suna ƙona garuruwan da ke kai wa Burmi abinci, suna jiran ƙarin soja da harsashi daga Lakwaja. Damina ta sauka, Gongola ta kawo ruwa, gaba kuma Borno tana hannun Ingila, Adamawa ta gabas tana hannun Jamus. Ayarin da ke ɗauke da mata da yara ba shi da saurin da zai tsere.

Ranar 27 ga Yuli Manjo Marsh ya iso da soja wajen 500, da igwa da bindigogi masu ruwa. Tun hantsi aka fara, ba a gama ba sai yamma. Igwa ta fasa ganuwa, aka koma faɗa lungu lungu, gida gida. Shi kansa Manjo Marsh kibiya mai dafi ta same shi ya mutu a wurin, kabarinsa yana nan a Burmi har yau. Da ƙura ta lafa, an ƙirga gawa sama da 600. Aka sami gawar Sarkin Musulmi Attahiru a tsakiyar gawarwakin mutanensa wajen 90 da suka kewaye shi. Turawa suka sare kansa suka ɗauki hoto, aka riƙa nuna wa mutane domin kowa ya tabbata ya mutu, kar wani ya sake tashi da sunansa. Aka ƙone garin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

WAƊANDA SUKA WUCE

Labarin bai ƙare a Burmi ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello wanda ake kira Mai Wurno, ya tsira da sauran jama'a suka ci gaba da tafiya gabas, ta ƙasar Chadi ta yanzu. Tafiyar shekaru ce, ana yada zango a yi noma a sami guzuri a ƙara gaba. Daga ƙarshe suka isa bakin Shuɗin Nilu a Sudan, suka fara zama a Shaikh Talha, sa'annan suka kafa garinsu a kudu da Sennar. Sunan garin Mai Wurno har gobe, kuma zuriyarsa suna riƙe da sarautar garin. Alfa Hashim shi ya wuce har Madina, ya zama babban malamin da alhazan Afirka ta Yamma ke sauka a wurinsa, a can ya rasu.

Amma ga wani abu da zai sa ka yi shiru. Lokacin da suka isa Sudan, Mahadin da ake labari ya rasu tun 1885, Ingila kuma ta riga ta rushe daularsa a yaƙin Omdurman a 1898. Wato mutanen da suka bar gidajensu don kada su zauna a ƙarƙashin Turawan Ingila, bayan duk wannan wahalar, ƙarƙashin Turawan Ingila suka sauka. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Gezira, 'yan Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda guminsu ya raya su. Jikokinsu 'yan Sudan ne yau, ana kiran su Fallata, da yawansu suna jin Hausa ko Fulatanci tare da Larabci, kuma sun sha fama da masu ce musu baƙi a ƙasar da aka haifi kakanninsu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kai jihar Sennar a 2024, ya sake raba dubban mutanen yankin da gidajensu.

WAƊANDA SUKA ZAUNA

Su kuma masu zama, me suka samu, me suka rasa? Sun tsare abubuwa masu yawa. Kotunan alƙalai sun ci gaba, makarantun allo da na zaure ba su mutu ba, sarauta ta ci gaba da wanzuwa, kuma Turawa sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u da muke alfahari da su yau, da yawansu a gidajen waɗanda suka zauna aka adana su. Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, malamin da kusan duk mai binciken tarihin daular nan sai ya bi ta hannunsa, ɗan Waziri Buhari ne. Ka ga ko labarin Attahiru da muke bayarwa yau, gidan wanda ya zauna yana cikin masu tsare mana shi. A 1960 kuma Turawa suka dawo da tutar da suka ɗauke a Burmi, aka miƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

Amma zaman yana da farashi, kuma ba a daɗe ba aka fara biya. Sarki ya koma ma'aikacin Razdan, shi ke tara wa Bature haraji, shi ke tara masa 'yan aikin tilas. A watan Fabrairu 1906 talakawa da bayin da suka gudo suka yi bore a Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku. Da aka zo murƙushe su a watan Maris, sarakunan Sakkwato suna ɓangaren Turawa, har da Marafa Maiturare, mutumin da ya riƙe ɓangare guda na rundunar Musulmi a Giginya shekara uku kafin nan. An kashe mutanen Satiru wajen 2,000, aka shafe garin. Sulhun da aka yi don kare raunana, ga shi ya kai ga an tsaya ana kallo, har ana taimakawa, ana kashe raunana. Wannan ma yana cikin lissafin.

TO MU FA?

Shi ya sa duk lokacin da ranar nan ta zagayo, bai kamata mu tsaya a jarumi da maci amana ba. Attahiru ya tsira da mutuncinsa, ya bar mana misalin shugaban da ya mutu a tsakiyar mutanensa, amma ɗaruruwa sun mutu tare da shi, waɗanda suka wuce kuma ba su sami ƙasar da suke nema ba. Buhari ya tsare gari da jama'a da littattafai, amma ya rayu da damuwar abin da ya sa hannu a kai har ya rasu a 1910, kuma tsarin da ya amince da shi ya danne talaka shekara 57. Mu da muke ƙasar Hausa yau, yawancinmu jikokin waɗanda suka zauna ne ko suka juyo daga hanya. Kafin ka zagi masu zama, ka tuna wataƙila da kakanka ya tafi, da yanzu ba a nan kake karanta wannan ba.

Kuma tambayar ba ta tsufa ba. A yau ɗin nan akwai ƙauyuka a Zamfara da gabashin Sakkwato da Katsina inda magidanta ke zama a gindin bishiya suna auna abu ɗaya: mu tashi mu bar gonakin kakanninmu mu koma gudun hijira a birni ko Maraɗi, ko mu zauna mu biya 'yan bindiga kuɗin noma mu tsira da rai? Zamani daban, abokin gaba daban, amma nauyin da ke kan mai yanke shawarar iri ɗaya ne. Wanda ya san abin da ya faru a Marnona da Burmi ba zai yi saurin yanke wa irin waɗannan mutanen hukunci daga kan wayarsa ba.

Abu na ƙarshe, ɗan aiki ne za mu ba ku. Kakanninmu ba su riƙe ranar haihuwa da kalanda ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Za ka ji an ce wane an haife shi shekarar zuwan Nasara, wance an yi mata aure shekarar fara, wane ya yi kaciya shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, wato 1911. Tarihin gida da tarihin ƙasa a igiya ɗaya suke. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, ku je ku zauna da su a makon nan ku tambaya: lokacin da Nasara suka zo, mutanen gidanmu ina suke? Sun tafi ne, sun zauna, ko sun tafi sun dawo? Akwai wani ɗan uwa da aka ce ya yi gabas ba a sake jin ɗuriyarsa ba? Ku kunna rikoda a waya ku ɗauka, ku rubuta sunaye da garuruwa. Waɗanda suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido saura kaɗan a cikinmu.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da waɗanda suka kwanta tare da shi a Burmi, ya jiƙan Waziri Buhari da waɗanda suka zauna suka riƙe gari, ya kawo wa ƙasarmu da Sudan zaman lafiya. A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.